Nisan Tafiyar Shekara Guda

A Ingila akwai mutanen da suka mayar da jiragen ruwa gidajensu, suna yawo a hanyoyin ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin, doka ta hana shi wuce kwana 14 a wuri guda, kuma hukuma tana bibiyar nisan da ya ci a shekara. Kano ba ta da irin wannan ruwa, amma lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin kakanninmu fatake da shekara suke auna tafiya.

Ayarin goro yakan bar Kano bayan damina, ya haye Kwara a kwalekwale wajen Yawuri, ya ratsa Bargu har Salaga ta ƙasar Gwanja. Tsakanin garuruwan biyu ya haura kilomita 1,000, zuwa da komowa kuwa yakan cinye watanni, wani zubin shekara cur.

Ni da nake zaune a Ƙofar Nassarawa na lissafa tawa tafiyar: kilomita 25 kowace ranar aiki tsakanin gida da jami'a, wato wajen 5,000 a shekara. Na ninka madugu ke nan, amma a kan titi ɗaya tal. Shi kuwa inda ya yawaita yada zango ya bar unguwa da masallaci da harshe, shi ya sa har gobe ake ciniki da Hausa a Kumasi. Mai sayar da lemon da ke gindin gadar samanmu, shekara goma muna haɗa ido, har yau ba mu san sunan juna ba.