Zauren Gungunmu

A gungun da aka haife ni, ƙasa da Yelwa kaɗan, babu wanda zai ce maka ga mai babban zaure. A ƙofar mai gari yake, amma na kowa ne. Nan ake ɗaurin aure, nan ake sasanta rikicin gonar albasa, nan Basarke da ya biyo kifi daga nesa yake shimfiɗa tabarmarsa ya kwana.

Kafin damina ta faɗi mai shela kan zaga gari da daddare: gobe gayyar zaure! Tun da asuba mata ke jido ruwan Kwara a tuluna, samari na kwaɓa ƙasa, mu yara aikinmu tattaka. Har yau in an yi ruwan fari na shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ƙafafuna su tuna sanyin laka da kaushin ciyawar da ake zubawa a ciki. Akwai wani dattijo, Allah ya jiƙansa, wanda bai taɓa sa hannu a laka ba, amma muryarsa ta fi ta kowa: "Kai yaro, nan bai ji ba!" In an kawo kunun tsamiya kuwa shi ke fara miƙa ƙwarya, a yi ta dariya, shi ma yana yi.

Ɗaga jinka shi ne ƙarshen aiki. An yanta shuci, an baibaye, sai maza su kewaye ta, makaɗi ya saki ganga, a yi kabbara a ɗaga gaba ɗaya. Mu muna ƙasa baki sake, muna kallon rufin yana tafiya da ƙafafun iyayenmu.

A 1964 aka fara ginin madatsar Kainji, zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur. Da ruwa ya taru a 1968, sama da mutum 40,000 aka tayar daga bakin kogi, har da garin Bussa ɗungurungum. Aka ba mu gidajen bulo da siminti a tudu, masu zafi da rana. Tsofaffi ba su ce komai ba. Da kaka ta wuce sai kawai muka ji shela, aka yi gayya, aka gina wani zauren ƙasa daidai girman wanda ruwa ya ci. Mahaifina ya yi kuka ran da aka ɗaga jinkarsa, ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa.

Shi ne zauren da yanzu ya tsage ta gabas. Shuci ya yi wuya, masu iya baibaya sun ƙare, samari suna Kwantagora da Birnin Kebbi da Legas wajen nema. Amma ba su manta ba. Sun buɗe zaure nasu a WhatsApp, kowa na turo abin da ya sawwaƙa, mai jirgin fito a Wara ya ba da siminti, mata masu bandar kifi suka haɗa kuɗin kwano daga adashinsu. Da jikana ya karanta mini sunayen sai da na sa masu albarka ɗaya bayan ɗaya.

Magini aka ɗauko da kwangila, ya ce kwana goma ya gama. Na roƙi yaran alfarma guda: bangon ciki a bar shi na ƙasa, a kira gayya ranar Asabar, a bar yara su tattaka. Sun ce, "To, Baba, za a duba."