Kogin Da Ya Sake Hanya

A arewa maso gabashin Ingila akwai wani tsohon ƙauye, sunansa Alnmouth, daidai inda kogin Aln ya faɗa teku. Bas daga Newcastle takan kai mu har cikinsa, sa'an nan sai tafiyar ƙafa.

Hanya biyu ce. In muka bi gaɓar teku arewa, sai Craster da kangon fadar Dunstanburgh, wadda aka fara ginawa a 1313. In kuwa kudu muka nufa, watau Warkworth, tilas mu bi bakin kogi har mu sami gada.

A ta kudun nan darasi yake. Dā jiragen ruwa kan ɗebi hatsi a nan. Cikin Disamba 1806 wani gawurtaccen hadari ya sa kogin ya fasa sabuwar hanya, ya raba ƙauyen da tudun majami'arsa. Matsayar jirage ta lalace, ciniki ya ja da baya, rumbuna suka zama gidaje.

To, 'yan'uwa, mu da za mu koyar da labarin ƙasa, kada mu tsare yara kan taswira kaɗai. Mu kai su bakin rafin garinsu, su ga yadda ruwa ke ba da arziki, ya kuma karɓe. Gani ya kori ji.