Sanyin Tsaunin Mambila

Tsaunin Mambila, wanda ke Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, tudu ne mai tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma wannan tsayin ne ya ba shi sanyin da ke korar ƙudan tsando, shi ya sa shanun Fulani ke ƙiba a kan ciyawarsa, ganyen shayi kuma ke yabanya a Kakara. A gidajen Gembu, tuwon masara da miyar kumbi, wato wani ganye mai ɗan ɗaci, sun fi shinkafa daraja, ga gwaza da ayaba a bayan gida. Abin da ya fi sa mai lura yin shiru shi ne kurmin Ngel Nyaki, ragowar dajin tsauni inda birai masu kama da mutum ke zaune, alhali wutar da makiyaya ke cinnawa da rani tana cin gefensa.