Ga Ƙannenmu Masu Son Waƙa: Suna Daban, Abinci Daban



A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga unguwa a Jajimaji, ko Nguru, ko Gashuwa, ba ka tarar da matashin da ke da waƙa a wayarsa wadda shi da kansa ya rera ba. Yawancinsu ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, kuma sukan turo mana mu saurara. Muna saurare, kuma tsakani da Allah akwai masu murya, akwai masu hikimar tsara baiti. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, kusan dukansu tambaya ɗaya suke yi mana: yaya za a yi in yi suna? Ba kasafai muke jin wanda ya ce, ta ina kuɗin waƙa yake shigowa, kuma aljihun wa yake faɗawa ba. Mu kuwa a ganinmu wannan ta biyun ita ce ke raba wanda zai daɗe da wanda zai yi tashen wata uku a manta da shi.

Da yawanmu mun taso a zamanin kaset, muka ga zuwan faifan CD, muka ga tafiyarsa. A wancan lokaci ko da 'yan kwafi sun ci nasu, akwai wani abu da ake riƙewa a hannu a sayar. Yau ɗan uwa, waƙarka tana fita daga situdiyo ta faɗa kwamfutar mai turin waƙoƙi a bakin tasha. Shi zai karɓi kuɗinsa ya cika wa mutum memori, wancan kuma ya tura wa abokai goma ta Xender ko WhatsApp. Kafin mako ya zagayo ana jin ta a Machina, ana jin ta a Jakusko, 'yan acaɓa suna sa ta, kai kuwa ko sisi bai shigo hannunka ba. Ba laifin mai turi ba ne, shi ma abincinsa yake nema, kuma talla yake yi maka kyauta. Amma ka san cewa talla ce. Wanda ya ɗauki talla a matsayin ciniki zai kwana da yunwa alhali gari duk ya san sunansa.

To ina cinikin yake? A yankinmu, na farko shi ne biki. Bayan kaka, idan an sayar da gero da wake da riɗi, aure yakan yi yawa, haka ma kafin azumi da bayan salla. Waƙar ango da amarya da ake sa sunayensu da na danginsu ita ce ke ciyar da mawaƙa da yawa, har da waɗanda kuke gani a Kano suna hawa manyan motoci. Sai waƙar tallan shago ko makaranta ko wani kaya. Wannan aiki ba ya buƙatar mabiya dubu ɗari, mutunci yake buƙata. Ka yanke farashi tun farko, ka karɓi kafin alƙalami, ka kawo aiki ranar da ka ce. Idan an ce ka zo ƙarfe huɗu kada ka zo bayan magariba. Uwar amarya ɗaya da ka kyauta wa za ta kawo maka biki biyar, wadda ka ɓata wa rai kuma za ta kore maka goma, don garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa. Sannan a kula da maganar liƙi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta, kuma tun 2024 hukumar EFCC take kai mutane kotu a kan haka, har da fitattu. A ajiye kwano ko a ba da lambar asusu, ya fi kwanciyar hankali.

Na biyu shi ne intanet, kuma a nan ne ake yawan ruɗar yara. Gaskiya ne YouTube na biya, amma kafin ya fara raba kuɗin talla da kai sai shafinka ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Audiomack da Boomplay da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, abin da suke biya a kan saurare ɗaya bai taka kara ya karya ba, sai an tara da yawa. Saboda haka ka buɗe shafinka da kanka, da lambar wayarka da adireshin imel ɗinka, ka riƙe kalmar sirrinka. Mun san yaron da ya ba wani mai babban shafi waƙarsa don a taimaka masa, waƙar ta karɓu, amma har yau kuɗin can yake tafiya, shi kuwa sai sunansa a ƙasan hoto. Kowa yana kawo misali da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, yadda ta mamaye wayoyi a 2020 lokacin kullen korona. Abin da ba a faɗa shi ne ba ita ce waƙarsa ta farko ba, ya ɗauki lokaci yana yi kafin wannan rana ta zo, kuma da ta zo ta same shi a shirye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ya kawo mu ga maganar takarda. Kafin ka shiga gaban makirfo, ku yi magana da mai situdiyo a fili: kuɗin da ka biya na ɗaukar murya ne kawai, ko har da mallakar kiɗan? Wa ke da ikon ɗora waƙar a intanet? Idan kuɗi ya shigo, kashi nawa ne na wanda ya rubuta, nawa ne na wanda ya rera, nawa ne na makaɗi? A rubuta, kowa ya sa hannu, a samu shaidu biyu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi cewa sayar da haƙƙin aiki ba ya tabbata sai a rubuce, kuma haƙƙin waƙar da ka tsara yana nan har shekara 70 bayan rasuwarka. Wato gado ne, kamar gona. Ba wanda zai ba da gonarsa a kan kuɗin mota da kwanon shinkafa, amma mun sha ganin an ba da waƙa a haka saboda zumuɗi. Ka karɓi ainihin kwafin aikinka mai kyau ka adana a wuri biyu, kada ka dogara da wanda aka turo maka ta WhatsApp.

Sai siyasa. Duk lokacin zaɓe matasa kan ruga, don suna ganin inda waƙar siyasa ta kai Dauda Kahutu Rarara. Ba mu ce haramun ba ce, sana'a ce, amma tana da ƙaya. Mutum nawa ne suka yi wa ɗan takara waƙa a kan alkawari, zaɓe ya wuce, waya ta daina shiga? A karɓi kuɗi kafin aiki. Kuma a yabi wanda ake yabo ba tare da an ci mutuncin abokin hamayyarsa ba. 'Yan siyasa sukan shirya a Damaturu ko Abuja su ci abinci kwano ɗaya, a bar ka a gari da dangin wanda ka zaga, waɗanda kuke haɗuwa a masallaci da kasuwa da wurin jana'iza.

Game da Kano kuwa, ba mai musun cewa can ce cibiya. Tun da layin dogo ya iso Nguru kakanninmu suke kai kaya Kano, yanzu kuma jikokinsu suna kai murya. Amma a je da shiri. Ka san inda za ka kwana, ka san nawa za ka kashe, ka san ranar dawowa. Titin Zoo Road cike yake da masu jiran a ba su dama, wasu sun shekara suna riƙe wa wani jaka. Ka kuma san cewa jihar tana da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tun 2001, kuma ikonta ya shafi mawaƙa. Aminu Ala, duk da girmansa, a 2009 sai da ya gurfana gaban kotu a kan zargin fitar da waƙa ba da izininta ba. Ƙannenmu mata kuma, ƙofa a buɗe take, Barmani Choge ta ci abinci da ƙwarya har ta koma ga Allah a 2013, Fati Nijar daga Maraɗi ta zo ta yi suna. Sai dai a tafi da sanin iyaye, a tafi da ɗan rakiya, kuma duk wanda ya ce sai an same shi a ɗaki da dare kafin ya saurari murya, ba murya yake nema ba.

Wani abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda yaranmu ke ƙoƙarin zama Umar M. Shareef na biyu ko Nura M. Inuwa na biyu. Na farkon yana nan da ransa, wa zai sayi na biyu? Alhali muna zaune a kan abin da 'yan Kano ba su da shi. Muna da Manganci da Badanci da Fulatanci a bakinmu, muna da ganga da algaitar fadojin Bade da Nguru da Machina, muna da waƙoƙin masunta da ake ji a bikin kamun kifi na Bade, da na mata a wurin daka da niƙa. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, yana waƙar karen mota da talakawa irinsa. Mamman Shata da kalangu ya yi har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ku je ku zauna da tsofaffin makaɗanmu tun suna raye, ku ɗauki sautinsu da izininsu, ku ba su haƙƙinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada kuma a saki sana'ar hannu. Mai ɗinki ya ci gaba da ɗinkinsa, mai noman rani a fadama ya riƙe fadamarsa, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ya gama karatunsa. Kuɗin situdiyo ya fito daga riba. Kada a sayar da akuyar inna ko babur ɗin da ake ci da shi saboda bidiyo ɗaya. Mawaƙin da ke da abin yi shi ne ke iya cewa a'a idan aka taya aikinsa da arha. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ka kashe da abin da ya shigo, bayan shekara ɗaya littafin zai gaya maka gaskiyar da abokai ba za su gaya maka ba.

Mu ma manya akwai namu. Idan muka kira yaron gida ya yi mana waƙa a biki, mu biya shi yadda za mu biya baƙo daga Kano, kada mu sallame shi da Allah Ya yi albarka kawai. Idan mun ji ya kauce a kalamansa, mu kira shi gefe mu gyara masa, ba mu tozarta shi a bainar jama'a ba.

Allah Ya sa wa sana'ar kowa albarka, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Karasuwa da Yobe da ƙasarmu lafiya. Amin.