Marsandin Gidanmu Da Maganar Ƙara Mata Ƙarfi

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba su ce a bar zumar a buɗe ƙuda ya cika ta ba. Mu Hausawa muna da son kayan alfarma, sai dai kiwonsu ne yake ba mu wuya. Wanda yake shakka ya zaga ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya ƙirga manyan motocin da suka durƙusa a gindin darbejiya, kaji suna ƙwai a kujerar da hakimai suka taɓa zama. Ɗaya daga cikin irin waɗannan motoci tamu ce, a Rimin Gado, kuma a kanta nake so in ɗan yi wa 'yan'uwa ɗalibai da malamai bayani.

Motar dai Marsandi ce ƙirar 280S, cikin jerin da kamfanin ya yi wa lamba W116, waɗanda aka ƙera daga 1972 zuwa 1980. Injinta mai silinda shida ne, girmansa lita 2.8, ƙarfinsa kuwa ya kusa na doki 160 lokacin da yake sabo. Nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, tankinta yana cin lita 96. Kakana ya saye ta a 1978, zamanin da kuɗin man fetur ya cika ƙasa. A lokacin Fijo ce motar jama'a, domin tun 1975 ake haɗa ta a Kaduna, har gwamnatin soja ta mai da 504 motar manyan ma'aikatanta. Marsandi kuwa ta sarakuna ce da attajirai. A cikin baƙar Marsandi aka harbe Janar Murtala Muhammad a Legas ran 13 ga Fabrairu 1976, motar kuma aka ajiye ta a gidan tarihi na can.

Amma a garinmu wannan mota ba ta yi zaman alfarma ba. Ita ce mai kai mace asibiti cikin dare idan haihuwa ta zo da gardama. Ita ce mai ɗaukar amarya, ita ce mai raka alhazai filin jirgi. Da wuya ka sami gida a unguwarmu da ba ta taɓa tsayawa a ƙofarsa ba, ko don murna ko don jaje.

Bayan rasuwar kaka ƙarfinta ya yi ta raguwa. Da safe sai an tura, in ta tashi sai baƙin hayaƙi, in an taka totur sai ta yi tari kamar tsohon da ya shaƙi ƙurar sussuka. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, sai aka jingine ta gaba ɗaya. Daga nan gida ya rabu uku. Baffana ya ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Yayana ya ce a cire injin a dasa ƙaramin na Toyota, kamar yadda ake yi wa tsofaffin motocin haya. Samarin gidan kuwa suka ce a yanke salansa, a jefar da matatar iska, wai ta haka za ta numfasa ta yi ruri.

Ban raina maganar yayana ba, domin tsadar mai ba wasa ba ce. Abin da na ce masa shi ne, ƙaramin inji a jikin da ya haura tan ɗaya da rabi kamar a ɗaura wa jaki garmar shanu ne. Zai ja, amma da wahala, man da ake gudu kuma sai ya sha shi wajen fama. Ga kuma rigimar haɗa shi da giyar da ba don shi aka yi ta ba. Na roƙi a ba ni damina ɗaya, a fara auna lafiyar injin kafin a yanke masa hukunci.

Muka ɗauko wani dattijon bakanike daga Kano wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan motocin Jamus. Abin da ya fara yi shi ne ya kwance fulogi shida, ya auna ƙarfin matsin kowace silinda. Duka suka fito kusan daidai. Ya ce, "Yaro, zuciyarta lafiya lau. Hanci ne ya toshe, ciki ya ɓaci." Ya ƙara da cewa inji abu uku yake nema, iska da mai da wuta, kowanne a kan ƙa'idarsa da lokacinsa.

Matatar iskar da samari suke so a jefar, da aka buɗe ta, ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a kanta kamar yaɓe. Injin da bai sami iska ba mai yake zuƙa fiye da kima, shi ne dalilin baƙin hayaƙin. Da an cire ta ɗungum kuwa, da ƙurar ta shiga ta cinye ringi cikin rani ɗaya. Sabuwa aka sa. Sai aka gyara tazarar bawul, wadda a wannan inji da hannu ake daidaita ta lokaci-lokaci. Ta wajen wuta kuma aka cire tsohon kwantak da ya cinye, aka sa na'urar lantarki da ba ta gogewa, aka saita lokacin tartsatsi.

Kafireto shi ya fi cin rai. Ƙirar Solex ne mai maƙogwaro huɗu: biyu suna aiki a tafiyar yau da kullum, biyu ba sa buɗewa sai an taka totur sosai. Waɗannan na biyun sun daɗe da maƙalewa, wato motar ta yi shekaru tana gudu da rabin numfashi. Sau uku ina zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa kafin in sami kayan gyaransa. Sannan muka tarar wani bakanike a baya ya cire abin da ke tsare zafin ruwan inji, bisa al'adar nan ta cewa ƙasarmu da zafi. Alhali injin da bai kai zafinsa ba, musamman da sanyin safiyar hunturu, ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Ainihin ciwon a lagireto yake, wanda ruwan rijiya ya toshe da gishiri. Aka wanke shi, aka mai da abin da aka cire.

Dattijon bai yarda a fitar da ita titi ba sai da ya gyara birki na ƙafa huɗu, ya sake tayoyi. Ya ce hanyar Gwarzo cike take da babura da jakuna da 'yan makaranta, ƙara wa mota gudu ba tare da ƙara mata tsayawa ba neman jini ne. Maganar mai da ita mai amfani da iskar gas, wadda gwamnati ta fara tallatawa a 2023, mun ɗage ta tukuna, domin tukunyar tana cinye but, tana kuma ɗan rage ƙarfi.

To, a ƙarshe ba mu ƙara mata doki ko ɗaya a kan abin da aka haife ta da shi ba. Waɗanda suka ɓace muka nemo. Yanzu murɗa makulli ɗaya take tashi, hayaƙin ya ɗauke, shan man ya ragu ƙwarai, ko da yake har gobe ba motar talaka ba ce.

Wannan aiki ya tuna mini da darasin da malamanmu na labarin ƙasa suke koyarwa. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan wannan yanki namu mai cunkoson jama'a, inda ake noma gona kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba. Sirrin ba wani abu ba ne illa taki da ake kaiwa da mangala kowane rani, da kiwon gawo da ɗorawa a cikin gona. Manomin da ya san haka a gonarsa shi ne kuma yake hawa mota har ta faɗi bai taɓa duba matatarta ba. Ashe ilmin kiwon abu muna da shi, ƙarfe ne kawai ba mu saba yi wa ba. Ina ganin da za mu yi wa injin rijiyar burtsatse da janaretan asibiti da motocin jami'a abin da muke yi wa gona, da kangon ƙarfe ya ragu a ƙasar nan.

Baffa bai janye maganar sayarwa ba, ya dai ce a bari sai bayan kaka. Kafin nan mun buɗe littafi, duk wanda ya ɗauki motar ya rubuta man da ya zuba da nisan da ya yi, kowane gida kuma yana ba da abin da ya sawwaƙa don baƙin mai. In lissafin ya nuna za mu iya riƙe ta, ta tsira. Allah ya sa mu iya, amin.