Ɗan rubutun da ke gindin kwalba

Ranar 16 ga Fabrairun 2003, wani matashi mai suna Steve Bechler ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye a Fort Lauderdale, jihar Florida ta Amurka. Ɗan wasan besbol ne na ƙungiyar Baltimore Orioles, shekarunsa 23 kacal. Zafin jikinsa ya kai wajen digiri 42, washegari rai ya yi halinsa. Likitan da ya binciki gawar ya ce ƙwayar rage ƙiba da yaron ke sha tana cikin abin da ya jawo ajalinsa. Ƙwayar na ɗauke da ephedra, tsiron da mutanen Sin ke kira ma huang, mai sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau.

Kuma a lokacin ba a ɓoye ake sayar da ita ba. Tana nan a kanti kusa da bitamin, ko takardar likita ba a tambaya.

Tushen abin wata doka ce ta 1994. Sanata Orrin Hatch na jihar Utah, inda kamfanonin irin waɗannan ƙwayoyi suka yi kaka-gida, shi da Sanata Tom Harkin suka tsaya mata, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu. Dokar ta ajiye ƙwayoyin ƙarin gina jiki a sahun abinci. Mai haɗa maganin asibiti sai ya nuna wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, hujjar cewa maganinsa na aiki kafin ya kai shi kasuwa. Mai ƙwayar gina jiki kuwa zuba kayansa kawai zai yi, hukuma ce za ta bi baya tana neman shaidar cutarwa. Shi ya sa ba a haramta ephedra ba sai a Afrilun 2004, bayan an yi asarar rayuka.

Sauran wayon duk a lafazi yake. Doka ta hana kamfani ya ce ƙwayarsa tana warkar da mura, amma yana iya cewa tana ƙarfafa garkuwar jiki, muddin ya rubuta a gindin kwalba, da 'yan mitsi-mitsin haruffa, cewa FDA ba ta tantance maganar ba. Mai saye dai waraka yake ji. Kamfanin Airborne da ya zarce gona da iri wajen tallan rigakafin mura, a 2008 ya yarda ya biya dala miliyan 23.3 don a kashe ƙarar da masu saye suka kai shi.

Wanda ya taɓa zama a tashar mota a Kano ko Kaduna ya san irin wannan ciniki. Ga lasifika a kan mota, yanzu har da TikTok, kwalba ɗaya wai tana maganin basir, sanyi, shawara, taifot da ƙarfin maza. Da an yi tantama sai mai tallan ya ɗaga ta: "Alhaji, ga lambar NAFDAC!" Lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba haɗin ba a ga guba a cikinsa ba. Ko yana warkarwa, wannan ba a gwada ba, kuma hukumar da kanta ta wajabta a rubuta a jikin kwalbar cewa ba ta tantance iƙirarin mai kayan ba.

Mai hawan jini ko ciwon suga da ke shirin ajiye maganin asibiti saboda irin wannan kwalba, don Allah ya juya ta ya karanta gindinta tukuna, in ba ya iyawa ya ba wani ya karanta masa.