Damina Ba Ta Jiran Matafiyi

A ƙauyenmu da ke bakin Maggiya, tsakanin Birnin Konni da Malbaza, shekara kashi biyu ce tun tasowarmu: lokacin da maza ke gida da lokacin da ba sa nan. Da an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sai samari da magidanta su naɗe tabarmi su nufi tashar Konni. Daga nan a tsallaka Illela ta Najeriya, wadda muke rarrabewa da Illelarmu ta Adar, sai Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Masu dogon buri su zarce Gusau, Kano ko Ikko. Ga-ruwa, dako, shayi, yankan farce, gadi, duk abin da Allah Ya kawo.

Cin ranin nan yana da ƙa'ida. Bakin da ya tafi ya sauƙaƙa wa rumbu, amma dole hannun ya dawo kafin ruwan shuka. Baba yakan iso lokacin sharar gona, da turmin atamfa na Inna, da kananzir, da takalman roba namu. Duk wanda ruwan farko ya sauka bai dawo ba, maganarsa za a yini ana yi a gindin bedi, mahaifinsa kuwa ya dinga kauce wa ido.

Wanda bai taɓa riƙe kalme ba zai ɗauka tsanani ne kawai na tsofaffi. Noman farko ne dalili. Gero na fitowa, haki na fitowa tare da shi, kuma hakin ya fi shi sauri. 'Yan kwanakin nan su ne shekarar gaba ɗaya. Ina iya ganin mazan gidanmu sun yi sahu tun rana ba ta fito ba, sun duƙa, ƙasa mai danshi tana kifewa a bayansu, mu yara muna biye muna rage tsiron da ya cunkushe a rami, a bar uku ko huɗu masu ƙarfi. Da hantsi mata su iso da ƙoren fura. Gonar da ta fi ƙarfin masu ita a kira mata gayya, makaɗi ya tsaya a kan iyaka yana zuga samari da sunayen kakanninsu, kafin azahar an tashe ta. Ba a biyan kowa ko dala. Bashi ne da ake ramawa da gumi, shi ya sa sai da mutane a gari yake yiwuwa.

Kawuna ne na fara gani yana kwana gida amma ƙarfinsa na wani wuri. Ya sami aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a shekarun 1960, yana zuwa a kan keke. Da an sallame asuba ya hau, sai magariba mu gan shi, ƙura ta yi fari a girarsa da gemunsa. Albashin ƙarshen wata abin alfahari ne ga dangi duka. Gonarsa kuwa sai ranar hutu yake leƙa ta, saura ya ɗauki 'yan barema. A wancan zamani ba wuya: ka yi magana da dare, da safe ka tarar da samari a ƙofar gida.

Shekarun 1980 suka sauya lissafi. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu daga Najeriya. A 1984 ruwa ya ƙi, kuma a shekarar ce gwamnatin Buhari ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986. Har yau tsofaffinmu El-Buhari suke kiran wannan yunwar. Daga baya naira ta dinga faɗuwa, abin da mutum ya tara a Sakkwato in ya canza shi zuwa sefa a kasuwar Konni ba ya cika tafin hannu. Sai tafiya ta ƙara nisa. Mutanen Adar dama sun san hanyar Abijan, yanzu kowa ya bi, daga baya kuma Libiya ta Agadas. Wanda ya kashe kuɗin mota har bakin teku ba zai juyo bayan wata biyar don ya yi noma ba. Sai ya shekara biyu, uku, ya aiko da kuɗi da saƙon gaisuwa a kaset.

Daren da babban wanmu zai tafi Abijan, Baba bai hana shi ba. Cewa kawai ya yi, "Ka tahi, Allah shi bada sa'a. Amma wa za shi kama mini gonag gabas?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na samu zan aiko a ɗauki mutane." Ya cika alkawari, bai taɓa fashi ba. Sai dai kowane gida ɗansu na aikowa, kuma samarin da za a ɗauka su ma suna can Abijan ɗin.

A daidai wannan lokaci ƙasar ta ƙara neman hannu. An gina madatsun Mozage da Zango, ruwa ya biyo magudanai zuwa filayen noman rani na Konni da hukumar ONAHA ke kula da su. Albasar Galmi ta yi suna har manyan motoci na lodinta zuwa Gana da Kwaddibuwa. Albasa kuwa aiki gare ta: reno, dashe ɗaya bayan ɗaya a cikin laka, ban ruwa, cira, yankan ganye, ɗura a buhu, kuma duk a watannin da maza suka saba barin gari. Gaskiya lambu ya tsayar da mutane da yawa a gida, na san waɗanda suka yi aure suka gina ɗaki da kuɗin albasa. Amma mai fili ko mai injin ban ruwa shi ke tsayawa. Wanda ƙarfinsa kaɗai ya mallaka yakan auna ladan yini da abin da ya ji ana samu a waje, ya ɗauki jakarsa. Aikin ya koma kan mata da yara, kuma yaron da ke dashen albasa ba ya cikin aji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne batun ma'aikatan da ake turo mana. Mushen da ya koyar da mu a ɗakin laka yake zaune bayan lakwal, shi da iyalinsa. Shi ke karanta wa mata wasiƙun mazansu, shi ke rubuta amsa, in yaro ya yi fashi da yamma zai je gidansu. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantiragi masu ɗan abin hannu, sannan babura masu araha suka cika kasuwa. Malami ya kama haya a Konni, ya yi sammako, ya koma da la'asar. Ban ga laifinsu ba, don wanda aka tura inda babu gidan kwana, babu wuta, ga albashi sai an je birni an jira, ba yadda zai yi. Amma ranar da ƙorama ta kawo ruwa ba karatu, ranar da mai ya yi tsada ba karatu. Haka ɗakin shan magani: da rana akwai mutum, naƙuda kuwa ta fi son dare. Sai a shimfiɗa tabarma a amalanke a nemi bakin kwalta, a yi fatan samun motar da za ta kai asibitin Galmi, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1950.

Da aka sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024, 'yan kabu-kabu da 'yan dako masu yini a Illela su kwana a gida sun rasa abin yi, wasu suka koma gona. Ana buɗewa suka hau baburansu.

Ni ma yau a Yamai nake, fiye da kilomita 400 daga gida, ina cikin masu aikowa. Bana da ruwa ya zauna na tura kuɗin noman farko, na kira ƙanena da ke riƙe da gandun. Ya ce, "Yaya, kuɗi sun iso, amma duk wanda na yi ma magana an riga ni." Sai da ya je ƙauyen da ke ƙetaren gulbi ya samo yara, ya ƙara musu kuɗi da abincin rana. Kafin su zo haki ya rufe gonar gabas, muka yanke shawara a bar rabinta, a ceci ta kusa da gida.